Daga Jinga Zuwa Kwangila: Matsayin Babban Ɗan Kwangila da Hanyoyin Duba Aikinsa, Bisa Misalin Gine-ginen Dawanau

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana ko wane ne babban ɗan kwangila a sha'anin gini, da ire-irensa, da kuma waɗanda alhakin duba aikinsa ya rataya a wuyansu. An ɗauki Dawanau a matsayin misali ne domin wuri ne da karkara da birni suka haɗu. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina, cikin yankin nan na karkarar Kano mai cunkoson jama'a wanda Mortimore da Wilson suka wallafa nazarinsa a 1965, inda da wuya a ga filin da ba a noma shi kowace damina. Tun da aka kafa kasuwar hatsi a can a 1985, gonakin gero da dawa suka riƙa komawa manyan sito-sito da wuraren tace riɗi da zoɓorodo, ana lodi daga nan zuwa Nijar da Cadi da Kamaru, har ma da ƙasashen ƙetare. Abin da nake so in nuna wa mahalarta wannan taro shi ne, irin waɗannan gine-gine sun fi ƙarfin duban gargajiya, duban hukuma kuwa bai kai gare su sosai ba tukuna, alhali dukiyar da ake jibgewa a cikinsu ta ninka kuɗin gina su sau da yawa.

Jinga da Ƙodago

Kalmar kwangila baƙuwa ce, amma abin da take nufi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Manomin Dawanau ya san bambanci tsakanin ƙodago na yini da jinga tun kafin zuwan Turawa. Wanda aka ɗauka aikin yini, ladansa na lokacinsa ne, ko ya gama gonar ko bai gama ba. Saboda haka dole mai gona ya tsaya a kansa. Wanda ya yi jinga kuwa, da aikin aka yi ciniki. In ya gama da azahar ribarsa ce, in ya kai kwana uku asararsa ce. Mai gona ba shi da damuwa da saurinsa, damuwarsa ita ce kada ya rufe ciyawa da ƙasa ya ce ya nome. Duk wata muhawara da ake yi a yau game da 'yan kwangila tana ƙunshe cikin wannan ɗan bambanci: jinga tana ɗauke wa mai aiki wahalar tsaron lokaci, ta ɗora masa wahalar tsaron inganci.

Malaman fiƙihu ma ba su bar batun ba. A babin ijara sun shardanta a san aikin, a san ladan, domin kauce wa garari. Malikawa kuma sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka damƙa masa ya tafi da su wurin aikinsa, amma wanda ya yi aiki a gaban mai kaya ko a gidansa, ba ya ɗaukar lamuni sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Watau gwargwadon yadda aka sakar wa mutum ragama, gwargwadon haka nauyi yake hawa kansa. Za mu ga cewa wannan ƙa'ida ita ce ta fi dacewa wajen rarrabe 'yan kwangila.

A ginin gargajiya, maigida shi ne mai tara kaya. Shi zai sa a haƙa ƙasa a kududdufi, a cuɗa ta da ciyawa, a yi tubali a shanya, ya sayi azara, sa'an nan ya kira magini su yi jinga ɗaki-ɗaki. A ƙauye sau da yawa gayya ce take tayar da katanga da rumbu. Manyan ayyuka na sarauta suna hannun Sarkin Magina, wanda yake tara magina, ya raba musu aiki, ya kuma sasanta in an sami saɓani. Mafi shahara a wannan fage shi ne Babban Gwani, Malam Mika'ilu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, tsakanin 1834 da 1846. Abin lura a nan shi ne, wannan tsari yana da nasa masu duba aiki ba tare da an naɗa kowa ba. Magini ɗan gari ne, an san gidansu, an san wanda ya koya masa. Kayan aikin kuma kowa ya san su: tsohuwa ma in ta ga tubalin da bai bushe ba za ta gane, in azara ba ta giginya ƙosasshiya ba ce maigida zai sani. Daɗin daɗawa, ginin ƙasa yana ba da sanarwa kafin ya faɗi. Zai tsage, ya yi yoyo, a yi masa yaɓe bayan damina. Kankare ba ya haka. Abin da ke cikinsa a ɓoye yake, in ya tashi karyewa kuma sau da yawa nan take ne.

Shigowar Kwangila ta Zamani

A Ingila ma, mutum guda mai ɗaukar gini gaba ɗaya bai daɗe ƙwarai ba. A farkon ƙarni na 19 ne irin su Thomas Cubitt na birnin Landan suka fara tara magina da kafintoci da maƙera a ƙarƙashin kamfani ɗaya, su karɓi aiki a kan farashi guda. A nan Arewa, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, siminti da kwano da katako suka fara samuwa, amma yawancin ayyukan gwamnati Ma'aikatar Ayyuka da ta En'e ne suke yi da ma'aikatansu. Daga baya kamfanonin waje suka shigo, musamman na Italiya, kamar Cappa da D'Alberto wanda aka kafa a 1932, sai Julius Berger na Jamus da ya fara da gadar Eko a 1965, da Impresit wanda ya gina madatsar ruwa ta Bakolori tsakanin 1974 da 1978. Jihar Kano a zamanin Audu Bako ta fi karkata ga yin madatsun ruwanta da injiniyoyinta da leburorinta, kuma a lokacin ne aka gina ta Tiga, daga 1971 zuwa 1974.

Shekarun arzikin man fetur su ne suka haifi ɗan kwangila kamar yadda jama'a suka san shi. Dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977 sun buɗe ƙofa, shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya buƙaci dubban azuzuwa cikin gaggawa, gyaran ƙananan hukumomi na wannan shekara kuma ya yawaita masu bayar da aiki. Sai ya zama attajirin goro da tsohon malamin makaranta da ɗan siyasa duk sun yanki rajista. A 1975 aka yi odar siminti da ta fi ƙarfin tashar jiragen ruwa ta Ikko nesa ba kusa ba, har jirage fiye da 400 suka yi ta jira a teku wata da watanni, simintin wasu ya daskare a cikinsu. Daga wannan zamani ne sunan ɗan kwangila ya ɓaci a bakin mutane, har ya zama in an ce wane ɗan kwangila ne, abin da ake fara tunani shi ne kafin alƙalami da ginin da aka bari ba rufi. Wannan zargi bai yi wa na kirki daga cikinsu adalci ba, amma ba a rasa dalilinsa.

Aikin Babban Ɗan Kwangila

Babban ɗan kwangila shi ne wanda ya sa hannu da mai gini cewa zai miƙa aikin gaba ɗaya, bisa zanen da aka ba shi, a kan kuɗin da aka yanka, cikin wa'adin da aka ɗiba. Ba lalle ne ya iya riƙe cokalin gini ba. Aikinsa shi ne tsara wanda zai shiga bayan wane: masu haƙa harsashi, birkiloli, masu ɗaurin rodi, kafinta, mai walda, mai wutar lantarki. Shi yake sayen kaya ya tsare su, ya biya leburori ko da mai gini ya yi jinkirin biyansa, ya ɗauki alhakin wanda ya ji rauni a wurin aiki. Yana iya yanka wani sashe ya ba ƙaramin ɗan kwangila, amma wannan ba ya sauke masa nauyi. In rufin da mai walda ya yi ya yaye, mai gini ba ruwansa da mai walda. Wanda ya sa hannu shi zai nema. Wannan haɗa alhaki a wuyan mutum guda shi ne ainihin abin da mai gini yake saye da ribar da yake ba ɗan kwangila.

Ire-irensu

A ofisoshin gwamnati akan kasa 'yan kwangila aji-aji gwargwadon yawan kuɗin aikin da aka yarda su nema. Wannan rabo yana da amfani ga akawu, amma ba ya gaya mana kome game da inda haɗari yake. Ya fi kyau a dube su ta fuskar abin da aka sakar musu.

Akwai mai aikin hannu kawai, wanda mai gini yake sayo masa kaya daga Ƙofar Ruwa ko wajen masu buga bulo, shi kuwa ya kawo ma'aikata. Wannan shi ne magajin jingar da, kuma shi ya fi yawa a gidajen karkara da ƙananan sito. Ba ya samun kome in ya rage siminti, sai dai in sayarwa zai yi ta bayan fage. Ribarsa tana cikin sauri, saboda haka a wajen ban ruwa da jiran kankare ya ƙosa ake tsoronsa. A irin wannan tsari mai gini shi ne babban ɗan kwangilar kansa, ko ya sani ko bai sani ba, kuma in abu ya lalace da wuya a gane ko kayan ne ko aikin.

Sai mai jinga ɗungurungum, kaya da aiki, a kan farashi guda. Shi ne ya fi kwantar wa mai gini hankali a ranar sa hannu, shi ne kuma ya fi buƙatar a duba shi, domin duk buhun simintin da bai shiga gini ba ya shiga aljihunsa. Irin wannan jinga tana lafiya ne muddin farashi yana zaune. A farkon 2024, bayan cire tallafin man fetur da sakin darajar naira a 2023, buhun siminti da ake saye wajen naira 5,000 ya haura naira 10,000 cikin 'yan watanni. Wanda ya yanka farashi kafin nan, ba tare da sharaɗin sauyin farashi a takardarsa ba, hanyoyi uku suka rage masa: ya ci asara, ya gudu, ko ya rage kaya. Ba sai an faɗa wa mahalarta wadda aka fi bi ba.

Akwai kuma kwangilar awo, inda mai ƙiyasin kuɗin gini yake jera kowane sashe da farashinsa, a riƙa auna abin da aka yi ana biya. Ita gwamnati ta fi amfani da ita. Akwai wadda ake biyan abin da aka kashe a ɗora wani kaso na riba, wadda ba ta dace ba sai tsakanin amintattu, tun da yake yawan kashewa shi ne yawan riba. Akwai ta zane da gini a hannu ɗaya, a miƙa wa mai gini mabuɗi, kamar yadda ake yi wa manyan sito na ƙarfe da injinan tace riɗi. Daga ƙarshe akwai wanda ofishinsa yake cikin jakarsa: ya sami takardar aiki ta hanyar sanayya, ya cire rabonsa, ya sayar wa wani. In takarda ta bi hannu uku, kuɗin da zai isa wurin gini ba zai yi aikin da aka zana ba, kome gaskiyar na ƙarshe. Wannan dillali ne, kuma kuskure ne a riƙa lissafa shi cikin magina.

Abin da Sito Yake Ɗauka

Yanzu bari mu koma Dawanau mu yi ɗan lissafi. A ɗauki sito mai tsawon mita 30, faɗin mita 15, bango mai tsayin mita 6. Buhu mai kilo 100 in an kwantar da shi yana cin wajen kashi shida cikin goma na murabba'in mita. In aka bar hanyoyi, aka yi amfani da kashi biyu cikin uku na daɓen, shimfiɗa ɗaya za ta ci buhu 500. In aka jera ashirin a sama, buhu 10,000 ke nan, watau tan 1,000, lodin manyan motoci fiye da talatin. Kowane murabba'in mita na wurin da aka jera buhunan yana ɗauke da fiye da tan uku. Daɓen ɗakin kwana kuwa, abin da injiniyoyi suke ƙiyasta masa bai wuce kilo 200 ba. Birkilan da ya ƙware a ginin gidaje, in ya yi wa sito irin daɓen da ya saba, bai yi ha'inci ba, amma daɓen zai nutse ya tsattsage. Filin kuma gona ce jiya, mai ƙasa sako-sako da aka shekara da shekaru ana zuba wa taki, wani wurin ma tsohon kududdufi ne da aka cike da shara.

Da zarar daɓe ya tsage, ko kuma ba a shimfiɗa leda mai hana laima a ƙarƙashinsa ba, danshin damina zai hau buhunan ƙasa, hatsi ya yi fumfuna. Tsagar bango tana ba ɓera da ƙwari mafaka, tana kuma zurar da hayaƙin maganin da ake turara wa wake. In an jingina buhuna da bango, nauyinsu yana tura shi waje, bangon bulo mai tsayin mita 6 kuwa ba zai jure ba sai da ginshiƙan kankare da ɗamarar rodi a tsakiya da sama. Rufi mai faɗin mita 15, in ba a ɗaure shi da wannan ɗamara ba, iskar farkon damina za ta ɗauke shi ɗungum.

Bangon wannan sito zai ci bulo mai inci tara wajen 5,400. In an buga 30 a buhun siminti, za a kashe buhu 180. In an buga 60, buhu 90. Abin da aka rage bai kai naira miliyan ɗaya ba a farashin 2024, a kan ginin da zai ɗauki kaya na ɗaruruwan miliyoyi. Bayan an yi fulasta an shafa fenti, babu idon da zai bambanta su. Haka nan kankare: yana buƙatar a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana bakwai, ba ya kai cikakken ƙarfin da ake aunawa sai bayan kwana 28. To amma a karkarar Kano da rani ake gini, lokacin da manoma suka sami sarari suka shiga leburanci, kuma lokacin ne iskar hunturu take busar da kankare cikin sa'o'i, ruwa kuma sai an saya wurin 'yan garuwa. Ga mai sito yana gaggawa kada kakar saye ta wuce shi.

Masu Duba Aiki

A takarda, dokoki ba su yi ƙaranci ba. An kafa hukumar rajistar masu zanen gine-gine a 1969, ta injiniyoyi, wadda aka fi sani da COREN, a 1970, ta masu ƙiyasin kuɗin gini a 1986, ta ƙwararrun magina, watau CORBON, a 1989. An fitar da ƙa'idojin gini na ƙasa a 2006. Dokar bayar da kwangilar gwamnatin tarayya ta 2007 ta wajabta yin tanda a fili, ta kuma ƙayyade kafin alƙalami kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, kafin dokar kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangila na gida. A Kano, izinin gini a birni da kewayensa yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA.

Amma a lura da abubuwa biyu. Na farko, waɗannan hukumomi na ƙwararru mutane suke yi wa rajista gwargwadon karatunsu. Zama ɗan kwangila kuwa ciniki ne, kowa yana iya buɗe kamfani. Na biyu, dokar kwangila ta kuɗin gwamnati ce, ba ta shafi attajirin da yake gina sitonsa da kuɗinsa ba. Abin da ya rage masa shi ne izinin gini, shi kuwa izini zane ake dubawa, ba abin da aka zuba a rami ba, sai in jami'ai sun riƙa zuwa mataki-mataki, yawansu kuma bai kai yawan gine-ginen ba. Rushewar bene mai hawa 21 a Ikoyi ta Ikko ranar 1 ga Nuwamba, 2021, inda mutum fiye da arba'in suka rasu, da na bene a titin Beirut cikin Kano ranar 30 ga Agusta, 2022, dukansu ana cikin gina su ne, dukansu kuma a tsakiyar birni, kusa da ofisoshin hukuma. In haka ta faru a can, ina ga bayan Mil Tara?

A ganina, duban da zai yi amfani a wuri kamar Dawanau shi ne wanda aka ɗaura shi da biyan kuɗi. Wuraren da aiki yake ɓuya ba su da yawa: ramin harsashi kafin a zuba kankare, cikon ƙasa da leda kafin daɓe, rodin ginshiƙai da na ɗamara kafin a rufe da katako, bulo kafin fulasta, da maɗaurin rufi. In aka rubuta a yarjejeniya cewa ba za a biya kuɗin wani mataki ba sai injiniyan da mai gini ya ɗauka da kansa ya gani ya sa hannu, an rufe yawancin ƙofofin. Sharaɗi ne kada ɗan kwangila ya zama shi yake kawo injiniyan ko yake biyansa, domin ba a ba kura ajiyar nama. Haka kuma a riƙe wani kaso, kamar kashi biyar cikin ɗari yadda aka saba a kwangilar gwamnati, har tsawon wa'adin gyara. Wata shida aka saba ɗiba, amma a nan ya kamata a ƙidaya shi da damina: sito da aka miƙa a Nuwamba, wata shidansa zai ƙare kafin ruwa ya sauka sosai, bai ga gwajinsa ba.

Mai ƙaramin sito zai ce ba shi da halin ɗaukar injiniya. A nan ne ƙungiyar 'yan kasuwar take da abin yi. Kasuwar Dawanau tana da shugabanninta na sassa, waɗanda suke sasanta rikicin awo da bashi kullum. Ba abin da zai hana su ɗauki injiniya ɗaya ko biyu masu rajista da za su riƙa zagaya gine-ginen 'yan ƙungiya a kan ɗan kuɗi sananne, su tanadi takardar yarjejeniya guda da Hausa, ta boko da ajami, wadda kowa zai cike, su kuma ajiye littafin sunayen 'yan kwangilar da suka miƙa aiki lafiya da waɗanda suka gudu suka bari. Wannan littafi shi zai yi aikin da sanin asali yake yi wa magini a zamanin Sarkin Magina. Kuɗin ziyara biyar na injiniya a kan sito guda bai kai ko kusa da kuɗin riɗin da mota ɗaya take ɗauka ba, sito kuwa, kamar yadda muka lissafa, yana cin lodin mota talatin.